Bututun da Yaya Ya Ƙera a Ƙofar Ruwa

A gidanmu na Zaitawa, cikin birnin Kano, ba a yin tafiya sai an durƙusa gaban Inna. Ko Wudil za ka, ko Zariya, ko ɗaurin aure a Bichi, sai ka tuɓe takalmi a ƙofar ɗakinta, ka shiga, ka sunkuyar da kai. Ita kuma ta dafa kan da hannun dama, ta yi 'yan tofe-tofenta, sannan ta ce, "Na ba Allah ajiyarka. Ya kai ka, ya dawo mini da kai." Ka ce amin, ka tashi. Haka ta taso ta gani wajen mahaifinta, wani alaramma da kakanninsa suka zo daga Barno, kuma tun da na yi wayo ban ga wanda ya tsallake wannan a gidan ba. Har Baba, da gemunsa da komai, in zai fita aiki sai ya tsaya a bakin labule ya yi gyaran murya, ta faɗa masa daga ciki, sannan ya saɓi jakarsa.

Baba ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shi ne mai ɗaga tuta a taragon ƙarshe, daga Kano zuwa Legas. A gaban idonsa jirgin ya mutu, ciyawa ta cinye layin dogo, awaki suka mai da tasha wajen kwana. Da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ya ciro tsohuwar hularsa ta aiki ya karkaɗe, don ya ji a rediyo za a tayar da jirgi. Zaɓe ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, kowane ɗan takara da jirginsa a baki. Daga baya dai an lallaɓo tsohon jirgin ya dawo, yana jan ƙafa, a wuni a kwana a hanya, wani zubin ya mace a tsakiyar daji fasinjoji su sauko su yi salla su zauna jira. Baba bai taɓa zaginsa ba. In aka kushe jirgi a gabansa sai ya ce, "Yana isa dai."

Yayana kuwa, babban ɗan gidan, ba ya son jin wannan "yana isa dai". Mai walda ne a kasuwar Ƙofar Ruwa, tankunan ruwa yake ƙerawa, kuma ba don ɗan'uwana ne ba, tankin Yaya ba ya yoyo. Kunne Allah ya ba shi. Sai ya ƙwanƙwasa tanki da sufana, ya karkata kai, ya ce wa mai shi, "Nan ne," a duba a ga 'yar kafa kamar ta allura. A gida ma haka yake, kina raɗa a kicin yana jin ki daga zaure. Mun sha faɗa da shi a kan wannan, don ni bakina ba ya shiru, shi kuma ba abin da ke wuce shi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo da waya a hannu yana rawar jiki. Wani mai sayen tanki ne ya tura masa bidiyo. Wai wasu attajirai a ƙasar Turawa sun ce zamanin layin dogo ya wuce, za su shimfiɗa bututu daga gari zuwa gari, a zuƙe iskar ciki ƙaf, a sa mutane a wani kwanso na ƙarfe a harba su ta ciki. Tunda ba iskar da za ta tare shi, abin zai riƙa gudu kamar jirgin sama, ko ma fiye. Muka taru a tsakar gida muna leƙen 'yar wayar. Ni abin da na gani shi ne farin bututu miƙe a cikin hamada, ba mutum, ba itace, ba ko tsuntsu.

"Baba, ka zuba shayi a Kano, kafin ya huce kana Legas," in ji Yaya.

Baba ya matso da wayar kusa da idonsa. "Ina tagar?"

"Ba taga."

"To ta yaya mutum zai san ya wuce Kaduna? Wa zai sayi kifi a Jebba?"

"Haba Baba, ana maganar isa kana maganar kifi."

Inna tana bakin ƙofarta tana tsinkar zogale, ba ta ko leƙa wayar ba. Ta ce, "A kwantar da mutum a wurin da ba taga ba iska, a rufe shi, kowa ya koma gida. Ni dai wuri ɗaya na sani mai wannan siffa." Yaya ya yi dariya, amma shi kaɗai ya yi ta.

Zancen ya zaga unguwa. A dakalin ƙofar gidanmu malamai suka kwana biyu suna gardama, ko wanda ya je Legas kafin shayi ya huce matafiyi ne da zai yi ƙasaru, ko kuwa mazaunin gida ne da aka jefa. Suka yi ta yi har suka gaji suka koma hirar siyasa. Na ɗauka a nan zancen zai mutu. Ashe ya shiga kan Yaya ya samu wurin zama. Ya ce shi bai ga abin mamaki a ciki ba, tanki ne aka kwantar aka ja masa tsawo, shi kuma tanki ya gama saninsa. Ba Legas zai kai shi ba, a'a, gwaji zai yi a filin bayan shagonsa, don in masu mulki sun gani da idonsu su daina yaudarar mutane da tsohon jirgi. Ya daina karɓar aikin mutane. Ya riƙa dawowa gida ido jajur saboda hasken walda. Matarsa ta yi magana har ta gaji, ta zuba masa ido.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare da ba ta da nisa da kasuwar, don haka Inna ta ɗora mini kai masa abincin rana. Na san ba don abincin ba ne, so take in zama idonta. Ran da na fara ganin bututun sai da na ja na tsaya. Baƙi ne, ba fari irin na wayar ba, kaurinsa ya kai mini ƙugu, ya miƙe daga bayan shago har gindin wata darbejiya kusa da ragowar badala. Irin farantin ƙarfen da yake tanki da shi ya lanƙwasa ya haɗa gaɓa-gaɓa. A bakinsa ga kwanson da za a shiga, dogo, siriri, a kan ƙafafun boris, da murfi mai noti. Na ce, "Yaya, wannan ai makara ce ka sa wa taya." Ya ce in ajiye kwano in kama gabana.

A sana'arsu gwaji ɗaya ne, kuma kowa ya yarda da shi: a cika abu da ruwa a bar shi ya kwana. In gari ya waye ƙasa a bushe, aiki ya yi. Haka Yaya ya yi. Ya tara 'yan garuwa suka wuni suna ɗura wa bututun ruwa har ya cika maƙil, ya toshe. Washegari na tarar da masu walda na layin sun yi dafifi, wannan ya shafa gaɓa, wancan ya leƙa ƙarƙashi. Ko ɗigo babu. Yaya ya hau kai ya yi tsalle, sannan ya bi shi da sufana daga farko har ƙarshe yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Wani dattijo a cikinsu, wanda shi ya koya wa Yaya aiki, ya ce, "Abin da ya riƙe wannan uban ruwa, iska ce za ta gagare shi? Iskar ma da ba zuba ta za a yi ba, cirewa za a yi?" Duk suka kwashe da dariya. Har ni sai da na ɗan ji sanyi a raina, don maganar ta yi kama da hankali.

Sanyin bai daɗe ba. A satin nan na wanke wani galan na ƙarfe da muke zuba man gyaɗa, na ɗauraye shi da tafasasshen ruwa, na zubar, na murɗa murfin da ƙarfi, na jingine shi a gindin randa. Ina cikin yanka albasa na ji ɓam! a bayana, har wuƙar ta suɓuce. Na juya na ga galan ya lotse ciki ta kowane gefe kamar an taka shi, alhali ba kowa a kicin ɗin sai ni. Ba hujewa ya yi ba, ba abin da ya fita daga cikinsa. Daga waje aka matse shi, kuma ban ga hannun da ya matse shin ba. Na daɗe a tsugune ina kallonsa.

Na naɗe shi a mayafi na kai wa Yaya. Na ce, "Ruwa daga ciki yake turowa waje. Abin da kai za ka yi kuwa, daga waje za a turo ciki. Wancan ka gwada, ba ka gwada wannan ba."

Ya juya galan ɗin a hannu, ya ɗalle shi da farce. "Wannan gwangwanin? Malama, ki je ki koya wa yara biyu da biyu. Ƙarfena kike haɗawa da galan ɗin mai?"

"Yo ƙarfen naka ai ɗan'uwan gwangwani ne, kauri kawai ya fi shi."

"To ai kaurin shi ne magana."

Na ce wallahi taurin kansa ya fi ƙarfen kauri. Ya ce ni kuma bakina ya fi injin yanka ƙarfe ƙara. Masu shagunan kusa suka yi ta dariya, wai malamar makaranta ta zo koya wa Ƙofar Ruwa walda. Na dawo gida raina a ɓace, na wurgar da galan ɗin a bayan ɗaki.

Akwai wani mai faci a bakin titi, abokin Yaya tun ƙuruciya, mai injin ba taya iska. Injinsa suka juya wa tiyo, maimakon ya hura sai ya zuƙa. Dabarar ita ce a zuƙe iskar da ke gaban kwanson, sannan a buɗe wata 'yar ƙofa ta bayansa, iskar waje ta afko ta ingiza shi. Don gwajin farko Yaya ya saci jan zakaran Inna ya sa a kwanson ya ɗaure noti. Ina wurin. Da injin ya jima yana zuƙa, sai bututun ya fara kuka. Ban san wata kalma da zan kira abin da ita ba. Wani irin nishi ne can ƙasa-ƙasa, sai ka ji ƙas daga nan, sai ƙas daga can. A tsakiya na ga gefe ɗaya ya ɗan shiga ciki, faɗin tire. Yaya ma ya ji, na ga ya karkata kai yadda yake yi, fuskarsa ta canza. Amma kafin ya yi magana mai facin ya buɗe 'yar ƙofar, kwanson ya ruga da ƙara ya je ya daki tsofaffin tayoyin da aka jera a ƙarshe. Kasuwa ta ɗauki sowa.

Zakaran ya fito da rai. Yana tafiya yana karkacewa gefe guda, yana zagaya wuri ɗaya. Aka mai da shi gida ya daina cara, a watsa tsaba kaji su cinye yana tsaye. Inna ta lallaɓa ta tafa hannu a bayansa, ko gezau. Baba ya yanka shi kada ya mutu a banza, amma Inna ta ce ba a tukunyarta ba, aka ba maƙwabta.

Na tare Yaya a zaure na ce, "Ka ji kukan ƙarfen nan. Na ga fuskarka. Kar ka ce mini ba ka ji ba, kai da kake jin raɗa ta bango."

Ya kau da kai. Can ya ce, "Sabon ƙarfe ne, zama yake yi." Washegari ya rarrafa cikin bututun da guduma ya buge lotsawar ta dawo daidai, ya sake cika shi da ruwa ya kwana. Bai yi yoyo ba. Har aikowa ya yi a gaya mini.

Da a nan abin ya tsaya, da yanzu labarin dariya nake ba ku. Sai dai zaɓe ya matso, wani kuma da ya ɗauki gwajin zakaran a waya ya watsa shi, har ya kai ga wani ɗan takara na yankinmu. Ya zo da babbar riga da tawagar 'yan jagaliya, ya zagaya bututun yana tattare rigar kada ta taɓa baƙin mai. Ya ce ga irin 'ya'yan da ake nema, ga abin da zai kai majalisa, jirgin ƙasa ai na kakanni ne. Ya sa ranar da zai zo da masu ɗaukar hoto. Sannan ya ce, "Amma fa zakara ba ya jefa ƙuri'a. Mutum nake so a gani a ciki." Ya ƙara da cewa gudun bai ishe shi ba, a samo inji na biyu a zuƙe iskar sosai. Kafin magariba an manne bututun da fastocinsa tun daga kai har gindi, fuskarsa tana murmushi a kan kowace gaɓa, har wurin da ya taɓa lotsawa ba ka ganewa.

Yaya bai ce wani ya shiga ba, wannan kam na ba shi. Ya ce wanda ya ƙera abin, shi zai kwanta a ciki. Kwanson ya yi masa gajarta, dole a ƙara masa tsawo. Na zo da abinci na tarar da shi kwance a ƙasa a kan buhu, ido a rufe saboda rana, hannuwa a miƙe a gefe, mai faci ya sunkuya a kansa yana auna shi da kara. Da kara fa! Abin da ake auna mamaci da shi a kai wa masu haƙar kabari. Wai tef ɗin awo ne aka ara ba a dawo da shi ba. Na saki kwanon, miya ta zube, na fizge karan na kakkarya, na ce wa mai facin in shi ba shi da hankali ai yana da uwa a gida. Yaya ya tashi zaune yana cewa na cika camfi. Wannan kam ban gaya wa Inna ba.

Baba ya kira shi zaure ya yi masa magana a hankali, irin tasa. Ya ce shi a kan ƙarfe ya yi rayuwarsa, kuma duk direban kirki da ya sani, in ya ji baƙon sauti tsayawa yake yi ya sauka ya duba. Yaya ya ce, "Shi ya sa kuke kwana a daji, Baba." Ban taɓa jin ya mayar wa Baba baƙar magana ba sai ran nan. Baba ya dube shi, ya jawo buta ya fita alwala, lokacin salla bai ma yi ba.

Ni na ce a je a gaya wa mai unguwa, ko a sa a fasa abin da guduma kowa ya huta. Inna ta ce duk ba sai an kai ga haka ba. "Ba zan faɗa wa yayanki addu'ar tafiya ba," in ji ta. "Tun yana ɗan mitsitsinsa ko Gezawa bai taɓa zuwa ban faɗa ba. In na kame bakina, ƙafarsa ba za ta ɗauke shi ba." Cikin natsuwa ta faɗe shi, ba ko shakka a muryarta, har ni na yarda. Matarsa ma ta share hawaye ta ce haka ne.

Ranar ta kama Asabar. Da hantsi ya fito cikin farar shadda, ya sha turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na yi zaton wucewa kawai zai yi, tunda Ƙofar Ruwa ba tafiya ba ce, kullum can yake zuwa ba tare da sallama ba. Sai na ga ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin Inna. Nan ne na gane shi ma ya san tafiya zai yi.

Ina tsaye a bakin labule. Inna na zaune a tabarma da faifai a cinya tana tsintar wake. Ya durƙusa ya sunkuyar da kai.

"Ina zuwa?" in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Nan Ƙofar Ruwa, Inna."

"Yaushe aka fara sallama don Ƙofar Ruwa?"

Ta ci gaba da tsintar wakenta, tana jefa tsakuwa gefe. Shi kuma kansa na ƙasa yana jiran hannun. A bakin lungu motar da ɗan takarar ya aiko tana ta danna hon.

"Inna, mutane na jirana."

"Su jira."

"Na riga na yi alkawari a gaban jama'a. In ban je ba, da wane ido zan koma kasuwa?"

"Da waɗanda kake da su yanzu, guda biyu, lafiyayyu."

Ya ƙara sunkuyawa har goshinsa ya kusa taɓa gwiwarta. Ya ce, "Ki faɗa ko a hankali ne, Inna. Ko a cikin baki. Kin san ni, zan ji."

Wallahi na ga leɓɓanta sun motsa. Sai ta datse su da haƙori, ta juyar da kai wajen bango. Ya jima a haka. Can ya miƙe, ya fita da baya, ya sa takalmi, ya wuce ni ko kallona bai yi ba.

"Zai dawo," in ji Inna. "Ba zai kai bakin lungu ba." Muka kasa kunne. Muka ji an buɗe mota, an rufe, ta tashi. Faifan ya zame daga cinyarta, wake ya watse a tabarma. Ta ce, "Bi shi! Maza bi shi, ki ce ya dawo in faɗa masa. Ki ce na ce zan faɗa!"

Ban tsaya neman takalmin kirki ba, silifas ɗin banɗaki na zura na ja mayafi. Na samu adaidaita sahu, amma tun kafin mu kai Ƙofar Ruwa hanya ta toshe da motocin kamfe da 'yan jagaliya masu ɗaga tutoci. Na sauka na kutsa da ƙafa, ina ture maza ina zagi, abin da ban taɓa yi a titi ba. Ga kiɗa, ga lasifika ana wasa ɗan takara. Ina isa bayan shagon na hango farar shaddar tana shigewa kwanson. Na ƙwalla masa kira, na ce, "Yaya! Inna ta ce ka dawo!" Mutumin da ke jin raɗa ta bango, ran nan lasifika ta fi ƙarfina. Aka rufe murfi, mai faci ya ɗaure noti, aka tura kwanson ciki, aka toshe bakin bututun.

Na cakumi rigar mai facin na ce kada ya kuskura ya tayar da inji. Wasu 'yan jagaliya suka janye ni, ɗaya yana cewa, "Hajiya, kar ki ɓata mana taro." Injuna biyu suka kama zuƙa. Ɗan takara na tsaye da abin magana a hannu yana lissafa garuruwan da bututun zai ratsa in an zaɓe shi. Ni kuwa ƙarfen nake saurare. Ya fara nishin nan. Ƙas. Ƙas. Fastocin da ke tsakiya suka fara yamutsewa, fuskar mutumin tana tattarewa. Dattijon da ya koya wa Yaya aiki ya daina murmushi, ya ɗaga hannu zai yi magana. Daga ciki kuma na ji ana bugu da sauri, ƙwan-ƙwan-ƙwan. Yaya ne. Ya ji abin da na ji, ya ma fi ni jinsa, yana neman a tsaya. Mai faci ya ruga wajen injunan, amma bai kai ba.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake. Ba fashewa ba ce, ba abin da ya tarwatse. Bututun ne ya haɗe, tun daga gindin darbejiya har bayan shago, gaɓa bayan gaɓa, cikin ƙiftawar ido ya kwanta kamar tabarma, sai ƙullutu ɗaya a wurin da kwanson yake. Tsuntsaye suka tashi daga darbejiyar. Kiɗa ya tsaya. Sai ƙura, sai salati.

Masu walda suka yi kansa. Ba dama a sa wuta tunda mutum na ciki, sai zarto da guduma da ƙarfen ɓanɓara. Ina tsugune a ƙasa ina kiran Yaya ina kiran Allah, na rasa wanne nake kira. Da aka ɓalle murfin aka ga kwanson ya lanƙwashe amma bai murƙushe shi ba. Aka jawo shi. Idonsa a buɗe, jini na bin wuyan shaddar daga kunnuwa biyu. Kowa na yi masa sannu, kowa na tambayarsa inda ke ciwo. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce da ƙarfi, da wata murya da ba tasa ba, "Me ya sa kuka yi shiru?"

Na waiwaya neman motar da za ta kai shi asibiti. Ta ɗan takarar ta riga ta bar wurin, a adaidaita sahu muka ɗauke shi.

Ya yi makonni a kwance. Haƙarƙari ya haɗe, kafaɗa ta warke. Kunnen kuwa likita ya duba ya sake dubawa, ya kira Baba gefe, na ga Baba ya cire hula ya mayar. A kasuwa har yau ba su yarda ƙarfen ne ya gaza ba. Wasu sun ce hannun maƙiya ne, wasu sun ce baki ne ya yi wa abin yawa. Dattijon nan ya zo dubiya, ya zauna a zaure yana girgiza kai yana cewa, "Ya riƙe ruwa fa. Da idona na gani, ya kwana da ruwa." Na so in ɗauko galan ɗin nan daga bayan ɗaki in dangwara masa a gaba. Ban yi ba, don ban ga abin da zai gyara ba. Bututun kuma 'yan gwangwan suka yayyanka suka ɗora a kura, da fastocin a jiki.

Inna ba ta yi kuka a asibiti ba, ba ta yi a gida ba. Sai dai ta rage magana, ta rame. Takan zauna kusa da shi ta yi ta kallon kunnensa. Na ce mata ko da ta faɗa, ƙarfen nan sai ya haɗe, ba bakinta ne ya matse shi ba. Ta ce ta sani, in tashi in duba tukunya.

Ran da zai koma shago karo na farko, ya yi wanka ya sa kayan aiki ya nufi zaure. Inna ta ce in tare shi. Na taɓa kafaɗarsa na nuna masa ɗakinta. Ya dube ni, ya dawo, ya tuɓe takalmi, ya shiga ya durƙusa ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba tun yana yaro.

Ta dafa kan. Ta yi tofinta. Ta ce, "Na ba Allah ajiyarka. Ya kai ka, ya dawo mini da kai."

Bai motsa ba. Ta sake faɗa, ta ɗaga murya. Kansa na ƙasa yana jira. Ta sake, wannan karon da iya ƙarfinta, Inna da ba a taɓa jin muryarta a zaure ba, har Baba ya leƙo, har maƙwabciyarmu ta daina daka.

Can, bai ɗago ba, ya ce da muryar nan tasa mai ƙarfi, "Inna, kin faɗa?"

Ta tallafi fuskarsa da hannu biyu ta ɗago ta, don ya ga bakinta. Sai dai kuka ya riga ya zo, leɓɓan suna rawa, ba abin da mutum zai karanta a kansu. Ya zuba mata ido yana jira. Ni ce na ce amin daga bakin labule.